Sanyin Tafki

"Wallahi ba ni zama a nan! Ka ji na rantse!"

"To ina za ki zauna, gimbiya? Cikin ruwa tare da kifayen Kawu?"

"Ɗan Azumi, kar ka maida ni abin wasa. Dubi wurin nan don Allah! Ko kare aka kawo nan sai ya yi kukan kaɗaici!"

Ya kwashe da dariya har yana riƙe ciki. Ni kuwa ji nake kamar in ɗauki tubali in ƙwala mishi.

Tsaye muke a tsakiyar kangon da yake gina mana, can bisa tudu bayan gari, inda ko ƙyallin tafkin Madarumfa ba a hangowa. Ɗaki biyu sun tashi, rufi ya rage, don tun da aka karya darajar kuɗinmu na sefa kwanon rufi ya zama sai wane da wane.

Ɗan Azumi ɗan Gwaggo Rakiya ne, ƙanwar Babana da ke aure a garin Sarkin Yamma. Taubashina ne, tun muna yara muke tsokanar juna, ban san ranar da tsokanar ta rikiɗe ta zama abin da ke hana ni cin tuwo ba. Direba ne, yana jan ƙaramar motar kaya tsakanin Maraɗi da Jibiya. An riga an kai goro, biki sai bayan kaka.

"Balaraba," ya ce, dariyar ta ɗauke. "Kin san ba don in raba ki da Inna na yo nan ba. Kawu da bakinsa ya ce mini, na ba ka ita, amma ka ɗauke ta daga bakin ruwa."

"Na sani..."

"To mi kike so in yi? In zuba ido 'ya'yanmu su sha sanyin da ya cinye 'yan'uwanki?"

Na waiwaya wajen motar. Ƙanwata Atika da ta rako ni tana zaune a gaba, ta lulluɓa da zane biyu alhali rana na dukan ƙasa. Shekararta goma sha biyar, amma wanda bai sani ba sai ya ce goma. Farin idonta kullum ruwan ɗorawa.

Mu takwas Inna ta haifa. Uku suna kwance a maƙabarta, dukkansu ciwo ɗaya: kumburin hannu da ƙafa tun suna goye, sai ihun ƙashi, sai jiki ya yi fari fat, sai a wayi gari babu. Atika ce ta huɗu da ciwon ya kama, ita ce ta ƙi tafiya.

Gidanmu na dab da tafki, Baba masunci ne. Kowa a unguwa ya san sunan ciwon, sanyin tafki. Iskar ruwa ce ke shiga ƙashin yaro tun yana ciki, haka kakanninmu suka faɗa, haka muka taso muka iske. Ba irin turaren da Inna ba ta yi ba, ba irin sassaƙen da ba a dafa ba.

"Kun gama faɗan ko in sauko in raba?" Atika ta ɗago murya daga mota. "Ango da amarya kamar kaji!"

"Ke, rufe mini baki!" na ce.

"Yaya Ɗan Azumi, rabu da ita. Jiya har cikin barci sunanka take kira."

"Ƙarya kike! Wallahi ƙarya take!"

Ya dube ni ta wutsiyar ido yana murmushi. "Ashe haka ne, hasken raina?"

Kunya ta kama ni, na ja mayafi na rufe fuska. A raina na ce, to, tudu ne dai, ba lahira ba. In dai da shi ne zan zauna.

Bayan sati biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya kama Atika a hanyar dawowa daga lambu. Kafin la'asar ciwon ya tashi.

Na sha ganin ciwon nan, amma na ranar daban ne. Tana birgima a tabarma, tana cizon zane, tana kiran Inna.

"Inna ki sare ƙafar! Don Allah ki ɗauko gatarin Baba ki sare ta in huta!"

Inna na gasa mata da tsumma mai ɗumi. Da na buɗe leɓen Atika na ga ya yi fari kamar auduga. Haka na yayata marigayiya Sa'adatu ya yi.

A gidan likita na garinmu suka duba suka ce jini ya ƙare, sai Maraɗi. Allah ya sa Ɗan Azumi na gari. Ya sauke buhunan mutane a bakin tasha, ya shimfiɗa katifa a bayan mota, muka kama hanya ni da Inna da Baba.

A babban asibiti aka ce a kawo mai ba da jini maza. Kafin a rufe baki Ɗan Azumi ya naɗe hannun riga.

"Ku ɗiba! In duka kuke so ku kwashe!"

Ni ma na miƙa nawa. Aka ɗebi kaɗan kaɗan a kwalba aka shiga da shi. Muna nan tsaye sai ga ma'aikacin ya fito yana girgiza kai.

"Naku ba ya yi. Ku nemo wani."

"Kamar yaya ba ya yi?" Ɗan Azumi ya taso. "Malam, dube ni da kyau! Ni kaɗai nake ɗora buhun gero a mota. Ko zazzaɓi ban cika yi ba!"

"Lokotoro, wato babban likita, zai yi muku bayani. Yanzu dai ku nemo wani."

Allah ya taimake mu da wani abokin Baba mai sayar da kifi a kasuwar Maraɗi, nasa ya yi. Aka ɗaura wa Atika, zuwa washegari ta buɗe ido har ta nemi kunu. Da hantsi lokotoro ya sa aka ɗebi jinin Inna da na Baba, aka ƙara ɗibar namu, ya ce a jira sakamako.

Ranar da ya kira mu ofishinsa, mu huɗu muka shiga. Dattijo ne mai gilashi, Bazabarme, Hausarsa na ɗan tuntuɓe amma ana ganewa.

"Ciwon ɗiyarku a cikin jini yake," ya ce da Baba. "Amosanin jini. Mutanen birni suna ce mishi emasi. Da shi aka haife ta."

"Sanyin tafki dai," in ji Baba.

"A'a, Malam. Sanyi yana tada shi, gaskiya ne. Ruwan sama, gajiya, zazzaɓin sauro, ƙishirwa, duk suna tada shi. Amma ba su ke shuka shi ba. Iri ne. Kai kana ɗauke da rabi, maiɗakinka na ɗauke da rabi. Mai rabi lafiyarsa lau, bai ma san yana da shi ba. In yaro ya ɗauko rabin uba ya haɗa da rabin uwa, shi ne ya zama ciwo."

Baba ya dube shi kamar wanda aka yi wa Faransanci. "Ni? Shekara arba'in ina cikin ruwa ban taɓa kwanciya ba. Ni na sa musu?"

"Ba laifinka ba ne. Gado ne, kai ma gadonsa ka yi."

Sai ya juyo wajenmu. "Wannan ɗiyarku ce, na gane. Wannan saurayin fa?"

"Ɗan ƙanwata ne," Baba ya ce. "Shi zai aure ta bayan kaka."

Lokotoro ya cire gilashinsa ya aje bisa tebur.

"Su biyun duka suna da rabi."

Ban gane ba. Wallahi a lokacin ban gane ba! Har wani ɗan daɗi na ji, wai ni da shi jininmu iri ɗaya.

"To sai mi?" Ɗan Azumi ya tambaya. "Ai na gina mana gida nesa da ruwa. Bisa tudu, ko raɓa ba ta sauka sosai."

"Ɗana, ko Agadas ka kai ta, jinin na tare da ku. Kowane ciki ta ɗauka, kashi ɗaya cikin huɗu zai iya zuwa da ciwon."

"Don muna 'yan'uwa ne?" na ji bakina ya faɗa.

"Zumunci yana sa a fi haɗuwa da shi. Amma ko bare ne daga wata ƙasa, in yana da rabi, haka ne. Ni ba ni hana aure, ba aikina ba ne. Na faɗa muku ne don ku sani."

Muka fito kowa na kallon ƙasa. Baba ya wuce masallaci ko kallonmu bai yi ba. Ni da Ɗan Azumi muka zauna a gindin itacen bedi a harabar asibiti, Inna na gefe tana wanke kwanon kunu.

Can sai ya zabura, fuskarsa ta washe.

"Balaraba! Ɗaya cikin huɗu ya ce, ko ba haka ba?"

"Haka ya ce."

"To ai shi ke nan! Mu haifi uku mu tsaya! Na huɗun ba sai ya zo ba balle ya same mu!"

Wayyo Allah, yadda zuciyata ta yi tsalle! Na ce, kai, amma Ɗan Azumi akwai kai! Uku ai sun isa, biyu maza ɗaya mace, har na fara raɗa musu suna a raina.

Inna ba ta ɗago daga kwanon ba ta yi magana.

"Habu na fara haihuwa. Sa'adatu ke bi mishi. Su biyun a jere suka tafi."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. "To... to ai lissafin bai fita ba ke nan, Inna. Takwas kika haifa, huɗu ya kama. Ya ce ɗaya cikin huɗu!"

Ya tashi fuu ya koma ofishin. Da ya dawo, tafiyarsa kaɗai ta ba ni amsa.

"Wai ba layi ake bi ba," ya ce a hankali. "Kowane ciki da nasa rabon, sabo fil. Ana iya haihuwar goma ba ko ɗaya. Ana iya haihuwar uku duka da shi."

"To mu wanne ne namu?"

"Ya ce Allah kaɗai ya sani."

Muka dawo Madarumfa da Atika a raye, amma gidanmu ya zama kamar gidan makoki. Magana ta bazu. Wasu suka ce lokotoron ne bai san tafkinmu ba. Wasu suka ce dabarar Nasara ce ta hana haihuwa. Wata maƙwabciya ta ce da Inna, "Yo in a jini yake, ya aka yi Balaraba ta yi ƙiba haka?"

Ni kaina sai in tsaya gaban madubi ina duba idona, ina matsa hannuna. Lafiya lau! To ina abin yake? Da safe in ce na haƙura, da rana in ce ƙarya ne, da yamma in ji ƙarar mota a waje sai ƙafafuna su kai ni ƙofa ban sani ba.

Ranar kasuwa sai ga Gwaggo Rakiya daga Sarkin Yamma, ko sallamar kirki ba ta yi ba.

"Yaya! Mi nake ji haka? Wai jinin ɗana ne ba shi da kyau? Ɗan nawa? In kun samu mai kuɗi ne ku fito fili ku faɗa!"

"Zauna, Rakiya," Baba ya ce.

"Ba ni zama! Ciwon bakin ruwa ne naku, kowa ya sani. Mu can tudu ina muka gan shi?"

Inna ce ta jawo ta ɗaki, ta zaunar da ita kusa da Atika, ta shiga faɗa mata yadda abin ke farawa. Yaro na wata shida, bayan hannu ya kumbura sumul, ƙafa ta kumbura, ko taɓa shi aka yi sai ihu. Ido ya yi ɗorawa. Gefen ciki na hagu ya yi tauri.

Ina kallon Gwaggo. Ta sa hannu ta dafe ƙirji.

Ta dubi Inna. "Kulu... sake faɗi. Bayan hannu?"

"Bayan hannu da bayan ƙafa."

"Yusufa..." ta ce. "Yusufana, wan Ɗan Azumi. Haka ya yi! Wallahi haka ya yi, har ya cika yana shekara uku. Mu can muka ce mayu ne suka kama shi..."

Baba na tsaye a bakin ƙofa, ya ce kamar mai magana da kansa, "Kuma babu tafki a Sarkin Yamma."

Gwaggo ta fashe da kuka, Inna ta rungume ta. Wadda ta zo faɗa sai ga ta ana lallashi.

Bayan sallar la'asar Baba ya kira ni zaure.

"Balaraba, na ba da ke, ba ni tashin magana. Amma na binne uku da hannuna, ba kuma zan ce ki shiga ba. Ban hana ba, ban tilasta ba. Ke da shi."

Da ma ya zage ni! Da ma ya ce dole, ko e ko a'a, in samu wanda zan yi fushi da shi. Sai ya ɗora mini kayan a ka ya tafi gyaran komarsa ta kamun kifi.

Na iske Inna a madafa tana tankaɗe.

"Inna, da kin sani... da za ki auri Baba?"

Rariyar ta tsaya a hannunta. "Wace irin tambaya ce wannan?"

"Don Allah ki faɗa mini."

"Da na sani da ban yarda ba," ta ce. Sai kuma ta girgiza kai. "In ban yarda ba kuma, babu ke, babu Atika, babu sauran 'yan'uwanku... Kai, ɗiyar nan, tashi ki ba ni wuri! Ni ma ban sani ba!"

Ashe Atika na jin mu daga rumfa. Da na fito ta yafito ni. Na zauna na ɗora ƙafafunta a cinyata ina matsa mata, kamar kullum.

"Yaya, in kin fasa, kamar kin ce da ma ba a haife ni ba ke nan ko?"

"Subhanallahi! Atika, wa ya faɗa miki haka?"

"Ba kowa. A fuskarki na gani, shi ke damunki." Ta yi ɗan murmushi. "Ni ina son raina, kar ki ji komai. Ina son kunun gyaɗa, ina son tsokanarki. Ranar da ba ciwo, ba wanda ya kai ni jin daɗin duniya."

"To kin gani! Ke ma ga ki nan kina rayuwa. Ƙila ma namu ba ko ɗaya..."

"Ƙila." Ta daɗe tana kallon hannunta. "Kin san abin da ya sa ban taɓa jin haushin Inna ba? Ko ranar da nake cewa a sare ƙafar?"

"Mi ya sa?"

"Don ba ta sani ba." Ta ɗago idanun nan nata ta zuba mini. "Ke kin sani, Yaya."

Na ci gaba da matsa ƙafar, hawaye na ɗiga a kai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Ɗan Azumi ya zo. Ya rame, gemu ya fito mishi ba gyara. Muka tsaya a zaure, shi a wancan bango ni a wannan.

"Na je wajen malamai biyu," ya ce. "Ɗaya ya ce in yi tawakkali in yi aurena. Ɗaya ya ce gudun cuta ma tawakkali ne. Na fito na fi da ruɗewa. Balaraba, ke nake jira. In kin ce mu shiga, wallahi mu shiga. Zan yi aiki dare da rana, kowane asibiti zan kai..."

"Na sani."

"In kin ce kar mu haihu ma, na yarda! Mu zauna mu biyu!"

"Gwaggo fa? Kai kaɗai gare ta namiji. Kuma ni... Ɗan Azumi, ina son goyo. Ba zan yi maka ƙarya ba."

"To ki ce wani abu mana, rabin raina! Kin bar ni a tsaye!"

Na buɗe baki ya fi sau uku kafin maganar ta fito.

"Ba zan iya ba. In ɗana ya dube ni ya ce in ɗauko gatari... ni da na sani... ba zan iya ba, Yaya."

Tunda muka fara soyayya ban ƙara ce mishi Yaya ba sai ranar. Ya ji, ya kuma gane. Ya juya ya haɗa goshinsa da bango, kafaɗunsa na rawa. Namiji kamar Ɗan Azumi!

"Mi na yi miki?" ya ce cikin kuka. "Mi kika yi mini? In mutane suka tambaye ni abin da ya raba mu, in ce musu mi?"

"Ka ce musu gaskiya. Ka ce su je a duba su."

Ya daɗe kafin ya share fuska da hular hannunsa. Ya taka har bakin ƙofa, sai ya tsaya bai waiwayo ba.

"Alfarma ɗaya. Duk wanda zai zo bayana, ki sa a duba jininsa kafin ki so shi. Kafin, Balaraba. Kar ki bari sai ya shiga ranki irin haka."

"To ya ake yi?" na ce, kuka ya ci ƙarfina. "Ɗan Azumi, faɗa mini! Ya ake duba mutum kafin a so shi? Ni ban san ranar da na fara son ka ba!"

Ya tsaya kamar zai amsa. Na ga bakinsa ya motsa.

"Ni ma ban sani ba," ya ce.

Ya sa kai ya fita. Na ji ya tada mota, ta mutu, ya sake tadawa. Ina durƙushe a zaure na toshe bakina da mayafi don kar in kira shi, har ƙarar ta ɓace.